Masunta a Kara-Kara

Ni ne na yi laifin, ba mutumin buro ba, wato ma'aikacin ofishin wasanni. Da wannan zan fara, don kada mai karatu ya kai tsakiyar labari yana jin tausayina. Da hannuna na canja sunan ƙungiyar ƙwallonmu, na yi ƙarya na ɗora wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, sannan na zauna a kan ƙaryar nan fiye da shekara goma ina cin tuwo da mutanen da na cuta.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Guna, a bakin wani tafki da ba ya ƙafewa, ko kuma haka muka ɗauka a lokacin. Muna noman gero kamar kowa, amma abin da aka san mu da shi shi ne su, wato kamun kifi. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne sarkin ruwa. Ba a shiga tafkin da taru sai ya ba da izini, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ya sa ni lakwal, makarantar boko, har na samu sartifika ta gama firamare. Iyakar karatuna ke nan, amma a garinmu ya isa mutum ya riƙa tafiya yana ɗaga kai.

Wani mushe, wato malamin boko, da aka turo lakwal ɗinmu ne ya zo mana da ƙwallon fata na farko. Muka share fili a bayan gari, muka kafa itace biyu nan, biyu can. Kawu ya girme wa guje-guje, amma yana zuwa kallo, kuma rigimar da ake yi a kan ko ƙwallo ya shiga ko bai shiga ba ta dame shi. Rannan sai ga shi da wani tsohon taru a kafaɗa. Ya yanka shi biyu, ya ɗaura a bayan itatuwan. Duk ƙauyukan da ke kewaye da mu ba mai raga sai mu.

Samarin Tirmini ne suka raɗa mana suna. Sun zo buga wasa da mu, mai tsaron gidansu ya tsaya a gaban ragar ya toshe hanci.

"Kai, jama'a! Wannan ƙarni fa? A tafki za mu buga ko a fili? Masunta, ku ji tsoron Allah!"

Muka ci su uku ba ko ɗaya, kuma daga ranar muka karɓi sunan. Masunta. Kawu ya mai da ɗaurin ragar aikinsa shi kaɗai. Yakan fara daga itacen dama da bismilla, ya yi ƙullin da ake yi wa taru, ba ya yarda kowa ya taya shi. In an tashi wasa ya kwance, ya naɗe, ya saɓa a kafaɗa ya kai gida.

Mai tsaron gidanmu ɗan kawu ne, taubashina, ya girme ni da shekara biyu. Dogo ne, hannuwansa sun saba da jefa birgi, ragar kamun kifi, in ya buɗe su sai ka rasa inda za ka buga. Bai yi lakwal ba, saboda haka ba ya kirana da komai sai ɗan lakwal.

"Ɗan lakwal, rubuta a kaye, littafin nan naka: yau ma ba a ci ni ba."

"In na rubuta wa zai karanta maka?"

"Matar da zan aura. Kai kuma ka auri kayen."

Sai fari ya zo. Shekarar farko gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, tafkin ya ja baya, muka riƙa bin laka muna tonon gaiwa. Shekara ta biyu ko lakar babu. Ƙasan tafkin ya tsattsage, har wata rana muka kai ƙwallo can muka buga a daidai wurin da ruwa ke shanye mutum a tsaye. Muna dariya, kawu yana tsaye a gaɓa bai yi ba.

Abin da ya rage wa gidan kawu bijimai biyu ne da 'yan awaki. Aka yanke shawara taubashina ya bi wasu makiyaya ya kora su kudu, wajen iyakar Najeriya, ko za su rayu. Ni na raka shi har bayan gari tare da kawu da Inna, mahaifiyarsa. A lokacin mutane sun fara watsewa, kowa ya san mai yiwuwa ne ya dawo ya tarar da kango. Inna ta ce masa, in ya dawo ba ma nan, a ina zai neme mu?

Ya yi dariya. "Inna, mene ne abin wahala? Duk garin da kuka sauka, waɗannan ba za su iya zama ba ƙwallo. In je fili in ce ina Masunta, a nuna mini."

Ya juyo gare ni. "Ɗan lakwal, ka rubuta wannan."

Ban rubuta ba, amma da kunnena na ji. Ba ni da hanyar cewa ban sani ba.

Wata huɗu bayan tafiyarsa rijiyar garin ta ƙafe, muka tashi. Ba mu san ma inda za mu tsaya ba, shi ya sa saƙon da muka bar wa tsohon limamin garin bai wuce cewa mun yi wajen birni ba. Shi ma limamin daga baya 'ya'yansa suka zo suka ɗauke shi. Kawu ya bar gadonsa, ya bar turmin gidan, amma ragar nan a kansa ta yi tafiya har Damagaram.

A Kara-Kara muka samu wurin kafa bukka, a gefen duwatsu. Mutanen da suka tashi cikin ruwa suka koma fasa dutse da guduma, matansu suna kwana a layin pampo da tulu. Ni sartifika ta cece ni daga guduma. Wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ya ɗauke ni ina taya shi. Yini nake ina rubuta magana iri ɗaya: muna nan lafiya, mun sauka wuri kaza, in kun ji labarin wane ku sanar da mu. Shi taubashina ba inda za a aika masa. Sau ɗaya an ba da cigiyarsa a radiyo, amma wanda ke daji da awaki ina ya ga radiyo?

Kamar yadda ya faɗa, ba mu iya zama ba ƙwallo ba. Mu biyar ne daga tsohuwar ƙungiya muka haɗu a unguwar. Muka cika da waɗanda muka tarar: 'ya'yan wani magini su biyu, wani ɗan mahauta, wani Babarbare mai gudu kamar an koro shi, da wasu. Muka samu wani fili mai tsakuwa a bayan unguwa. Kawu ya dawo daga fasa dutse, hannuwansa duk sun faffashe, ya ɗaura raga daga itacen dama.

Tun wasanmu na farko da 'yan unguwar Birni 'yan kallo suka fara tsokana.

"Su wa? Masunta? A Damagaram?"

"Malam, a kawo mana tarwaɗa ta dala, daga cikin tsakuwar nan!"

"Ku da ko ruwan wanka ba ku da shi!"

Wani ya samo busasshen kifi ya soke a tsinken kara, duk inda muka je wasa sai ya bi mu yana ɗaga shi kamar tuta. In ɗan wasanmu ya faɗi sai su ce ya nutse, a kawo gora a tsamo shi. Abokaina na ƙauye dariya suke yi, wani lokaci su rama. Ɗan mahautan ma daɗin abin yake ji, yana cewa shi masuncin shanu ne. Ni kaɗai abin ke ci. Na fara sa wando da riga irin na 'yan birni, na gyara bakina, a bakin gidan waya ba wanda ya san daga inda na fito. Sai ranar Lahadi ta zo, a kira ni masunci a gaban mutanen da nake rubuta wa wasiƙa da Faransanci.

Kuma ina da hujja, har yau ban ce hujjar banza ce ba. Tafkin ya ƙafe. Garin ya watse. Fiye da rabin 'yan wasanmu ba su taɓa riƙe komar kamun kifi ba, Babarbaren nan ko kifi ba ya ci. Sunan ya zama kamar rigar yaro a jikin babba. Duk wannan gaskiya ne, sai dai ba shi ne zancen ba.

Da aka ce za a yi gasar kofi ta unguwanni, kowace ƙungiya ta kai sunanta buro, sai na kawo maganar bayan atisaye, muna zaune a kan duwatsu. Na jera hujjojina kamar yadda mushe ke jera darasi. Wasu suka gyaɗa kai. Kawu yana naɗe raga, bai tanka ba sai da na gama.

"Ka gama, ɗana?"

"Na gama, Kawu."

"Duk abin da ka faɗa haka yake. Ba ruwa, ba kifi. Amma kana wurin da ɗan'uwanka ya faɗi abin da zai tambaya. In ya zo fili ya ce ina Masunta, ina so a samu wanda zai ce ga su can. Ran da ya dawo, ku sa wa kanku sunan da kuka ga dama, ko Jakuna ne, ni zan ɗaura muku raga."

Aka yi dariya, magana ta mutu. Da yake ni kaɗai na iya cika takarda, ni aka tura.

Buron ɗaki ɗaya ne da tebur da tuta. Mutumin da ke karɓar sunaye matashi ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya miƙo mini takarda da bik na rubutu. Ya tambayi sunan ƙungiya, na faɗa masa a hankali. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba.

"Masunta? To madalla. Allah ya sa ku jawo mana ruwa. Rubuta a nan."

Iyakar abin da ya yi ke nan. Bai hana ba, bai ce a canja ba. Amma akwai wasu samari biyu daga unguwar Zango a tsaye a bakin ƙofa, na ga sun taɓa juna. Na ce masa ai tsohon suna ne, yanzu mun canja. Na fara cewa Taurari, ya ce taurari sun yi yawa, har uku ne a takardarsa. Sai na rubuta Zakunan Kara-Kara. Ya buga tampo, wato hatimin buro, ya ba ni kwafi, ya yi mini fatan sa'a.

A hanyar gida na gina ƙaryar, kafin in kai unguwa ta bushe. Na tarar da kawu a gindin dutse yana shan ruwa a gwangwani. Na durƙusa na nuna masa takardar da tampon a jiki, na ce buro sun ƙi. Na ce doka ta hana ƙungiya ta ɗauki sunan sana'a, na roƙi mutumin har na gaji, ya ce ko mu canja ko a cire mu, kuma shi ya zaɓa mana wannan.

Kawu bai iya karatun boko ba, kuma irin mutanen nan ne da ke ganin duk abin da aka buga wa tampo ya wuce gardama. Ya juya takardar, ya shafa tampon da babban yatsa.

"Ka gaya masa dalilinmu? Ka gaya masa zancen yaron?"

"Na gaya masa, Kawu."

"Ya ce me?"

"Ya ce ba ruwansa."

Ya sake duban takardar. Sannan ya ce, "To shi zakin doka ta yarda da shi? Zaki nawa ne a Kara-Kara?"

Ya miƙo mini takardar, ya ɗauki gudumarsa.

Abin da na nema na samu. Tsokana ta ragu, mai busasshen kifi ya gaji ya daina. Muka ci wasanni uku a jere, aka fara cewa Zakuna sun fito. Wani ɗan kasuwa a unguwar ya ɗinka mana riguna rawaya. Na riƙa gaya wa kaina cewa ai taubashina ba yaro ba ne, in ya zo zai tambayi mutane, Damagaram ba Kano ba ce. Ban tsaya na tuna cewa a shekarun nan kowace kusurwar garin cike take da baƙi masu bukka, daga ƙauyuka ɗari, ba wanda ya san sunan wani.

Kawu bai fasa ɗaura raga ba. Ya ce ko ba suna, in yaron ya ga ƙullin zai gane. Sai dai ƙananan ƙungiyoyi irinmu a filayen unguwa muke buga wasanninmu, babban fili kuwa, inda baƙo zai fara zuwa, sai manya. Ran da ba mu da wasa kawu yakan taka har can, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban fuskoki. Amma dutse ne abincin gidan, ba kullum yake samun zuwa ba.

Inna kuwa tambaya ɗaya gare ta. Duk ranar wasa, da mun shigo gida, kafin ta ba mu ruwa sai ta ce, "Yau an tambayi Masunta?"

Ni nake amsawa. "Ba a tambaya ba, Inna."

"To. Wata Lahadin."

Ta yi wannan tambayar har damina ta dawo, har wasu suka fara komawa ƙauyukansu. Mu ba mu koma ba, don ita ta ce ba za ta tashi ba, kada ya zo bayanmu. A shekara ta uku ta kwanta ciwon ƙirji, kwana tara, ta rasu. Ni na shiga kabarin tare da kawu muka karɓe ta. Ko a nan bakina bai buɗe ba.

Shekara ɗaya da rabi bayan rasuwarta, wata ranar Talata da hantsi, aka aiko gidan waya in zo gida maza. Na tarar da taubashina zaune a kan tabarma, ya rame, ya yi baƙi, gemu ya fito masa. An riga an gaya masa zancen Inna. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ɗan lakwal. Ka yi ƙiba."

Bayan azahar, muna cin abinci mu uku, ya ba da labari. Dabbobin duk sun mutu a kudu, sai akuya ɗaya da ya sayar. Ya koma garinmu ya tarar ba kowa, wani makiyayi ya ce masa an ce mun yi birni. Ya samu wani direban kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa arewa ya ɗauko shi, suka iso Damagaram ranar Lahadi. Direban ya ce da la'asar zai tashi, in ya samu danginsa shi ke nan, in bai samu ba ya zo su wuce, akwai aiki a Arlit. Bai tsaya ko'ina ba sai babban fili. Ana wasa, ga wani a bakin ƙofa da takardar gasa a kan tebur.

"Na ce masa ina Masunta. Ya bi takardar da yatsa tun daga sama har ƙasa, sau biyu. Ya ce babu. Na ce ya karanta mini duka, ya karanta. Taurarin kaza, Taurarin kaza, Zakunan Kara-Kara. Na ce a raina, mu dai ba abin da ya haɗa mu da zaki. Na ce in da suna garin nan da sunansu na cikin takardar nan, ɗan lakwal ba zai bari a manta ba. Sai na koma wajen kamyo."

A lissafin da muka yi, wata biyu ke nan bayan na kai takardar. A ranar muna bayan unguwa muna wasa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga inda ya tsaya. Shekara huɗu ya yi a arewa yana dako, yana zaton mun yi Kano ko mun mutu. Wanda ya gaya masa gaskiya mai tsaron gidan Tirmini ne, wanda ya toshe hanci a da, ya zama yaron mota. Suka haɗu a tasha, ya ce masa ya ga mahaifinsa a Kara-Kara yana ɗaura wa wasu Zakuna raga mai ƙarnin kifi.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na jira kawu ya dube ni. Bai dube ni ba, sai ma ya dafa gwiwata.

"Ba laifin ɗan'uwanka ba ne. Ya roƙi mutumin buron, ya gaya masa zancenka, ya ce ba ruwansa. Allah ya isa tsakanina da shi."

Ban taɓa jin kawu ya yi wa ɗan Adam Allah ya isa ba sai ranar. Taubashina ya ce zai je buron ya ga fuskar mutumin. Na yi saurin cewa ai an daɗe da canja masa wurin aiki. Wannan ma ban sani ba, faɗa kawai na yi.

Da damina ta gaba suka koma gida, shi da kawu. Tafkin ya dawo, ko da yake bai kai rabin yadda yake a da ba. Ni na zauna a birni, na gaji teburin maigidana mai rubuta wasiƙa, na yi aure. Zakuna suka ƙara shekara biyu suka watse, yau ko a Kara-Kara da wuya ka samu wanda ya tuna da su. A ƙauye kuwa ƙannenmu suka sake share fili, kawu ya fito da ragar, suka ci gaba da zama Masunta ba tare da sun kai sunan kowane buro ba.

Ina zuwa gaishe su duk salla, da goro da sukari. Kowane zuwa sai na ce wannan karon zan faɗa, kowane zuwa sai in ga ba lokacinsa ba ne. Ana suna, ana biki, kawu ba ya jin daɗi, kawu yana jin daɗi kada in ɓata masa. Mai son ya yi shiru ba ya rasa dalili, ni kuwa na ƙware. Har na fara gaya wa kaina cewa faɗar ba za ta dawo da Inna ba, son kai ne ma in tayar da abin da ya kwanta don in samu sauƙin zuciyata.

Abin da ya karya wannan hujjar ya faru ana saura kwana uku azumi. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya aika duk mu zo. Al'adarsa ce kafin azumi ya tara iyali a yafi juna, amma wannan karon ya yi ta kamar mai sallama. Bayan la'asar muka zauna a zaure. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, har jikokinsa. Ya ce shi ma ya yafe wa kowa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Sai ya gyara zama.

"Sai mutum ɗaya. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani, shekara da shekaru ina ƙoƙari, zuciyata ta ƙi. Mutumin buron nan. Ban san sunansa ba, ban san fuskarsa ba, amma an gaya masa uwa tana jiran ɗanta ya ce ba ruwansa. Wannan sai mun tsaya gaban Allah ni da shi."

Limamin garin, da ke zaune tare da mu, ya ba shi haƙuri, ya ce ya daure ya yafe ko don kansa. Kawu ya girgiza kai.

Nan na ga abin da na yi gaba ɗayansa. Ban tsaya ga raba uwa da ɗanta ba. Na ɗauki wani bawan Allah da ya ba ni kujera ya yi mini fatan sa'a, na tsayar da shi a gaban tsoho mai shirin mutuwa a matsayin abokin shari'a. Kuma na bar kawu zai tafi da ƙulli a zuciya, shi da bai taɓa riƙe kowa ba. Wannan ba abin da ya kwanta ba ne, yana nan yana aiki, kuma ni kaɗai ke iya tsayar da shi.

Washegari da hantsi na same shi a bakin tafki, a inuwar wani gawo, ragar ƙwallon a kan cinyarsa yana laluben inda ta yage da yatsu. Taubashina yana cikin ruwa iya ƙugu da birgi. Na kira shi, na ce ya fito akwai magana.

"Ɗan lakwal, in rubutu ne ka bari sai na gama."

"Fito dai, yaya."

Ban taɓa kiransa yaya ba. Ya dube ni, ya naɗe birgin ya fito, ruwa na zuba daga wandonsa. Na cire takalmana, na durƙusa a gaban kawu a kan laka.

Na ce, "Kawu, mutumin buro bai hana komai ba. Babu wata doka. Na faɗa masa Masunta, ya ce in rubuta, har ya yi addu'a mu jawo ruwa. Ban gaya masa zancen yaya ba, ko kalma ɗaya. Ni na ji kunyar sunan, don ana yi mana dariya, na rubuta Zakuna da hannuna, na zo na yi maka ƙarya. Ina sane da abin da yaya ya ce zai tambaya, ina wurin. Duk Lahadin da Inna ta tambaye ni na amsa mata, na san dalilin da ba za a tambaya ba. Yaya, ni na sa ka koma wajen kamyo, ni na hana ka ganin Inna. Kawu, Allah ya isan da ka yi, ka ɗauke ta daga kan bawan Allah nan, tawa ce. Ban zo da wani uzuri ba, ba ni da shi. Na cuce ku, na cuci Inna, na cuce shi. Don Allah ku yafe mini."